Jirgin da Muka Bar wa Baƙi

A gefen layin dogo aka haifi Tanti Veturia. Mahaifinta ne mai saukar da shingen mararraba a ƙasan ƙauyenmu, Bradisel, kuma gidansu ya matsi layin har kofuna kan yi rawa a kan kanta duk lokacin da jirgi ya wuce. Da ta auri Nea Pamfil mai yankan katako ta koma kan tudu, amma ba ta rabu da jirgin ba. Kullum da safe takan sauka gari da bokitan cuku da kindirmo, ta dawo da yamma da labarin kasuwa. Tun da na sami aiki a masana'antar kujeru a gari, wurin zamana a jirgi yana kallon nata. Ni ba mai yawan magana ba ne, ita kuma ba ta neman mai amsa mata, shi ya sa muka shaƙu.

Shekarar da ƙodar Nea Pamfil ta gaza, jirgin ya tashi daga hanyar kasuwa ya zama hanyar asibiti. Yau a je wankin ƙoda, gobe a huta, jibi a koma. Akwai hanyar mota ta kan dutse, amma da hunturu dusar ƙanƙara kan rufe ta, kuma ko da rani tsohon ba ya jure lanƙwasarta. Kowa ya san idan jirgi ya daina zuwa, dole su sayar da shanunsu su koma ɗakin 'yarsu a can saman wani bene a gari.

"Ni a bene, kamar tattabara?" in ji Nea Pamfil. "Ku bar ni a nan in mutu ina ganin dabbobina."

"Ka mutu ka bar wa wa tatsar safe?" ta ce. "Rufe wuyanka, tsoho, iska na shigowa."

Da kaka sai labari ya zo cewa an kai wa majalisa tsarin rufe ƙananan layuka marasa fasinja, kuma namu na ciki. Kwamitin sufuri ya ce ba zai amince da abin da bai gani ba. Za su zo da motocinsu har Bradisel, su hau jirgin safe su sauka gari.

Magajin garinmu, Domnu Sofron, ya tara mu a zauren taro. Mutum ne mai son ƙauyensa, kuma abin da ya fi tsoro a duniya shi ne a raina mu.

"Jama'a," ya ce, "manya daga Bukarest za su shiga jirginmu. Kun san yadda yake da safe. Nan bokiti, can buhun dankali, ga kajin Saveta a ƙarƙashin kujera."

Tanti Saveta, maƙwabciyar Veturia, ta ce daga bayan zaure, "Kajina sun fi takalmanka ƙamshi, Domnu Sofron."

Aka yi dariya, amma ba wanda ya musa masa. A wurinmu idan baƙo ya zo, ɗakin gaba ake buɗe masa, wanda ba mai kwana a cikinsa duk shekara, masu gida kuma su matsu a kicin. Da shi muka tashi, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. To haka muka yi da jirgi. Aka yanke shawara ran nan kowa ya bar wa baƙi wuri. Mu 'yan masana'anta muka nemi babbar motar katako ta kai mu ta kan dutse. 'Yan makaranta aka ce su tsaya su yi waƙar maraba. Ƙauyukan da ke ƙasa da mu suka ji, suka ce Bradisel ba za ta fi su sanin ya kamata ba, su ma suka yi haka.

Tanti Veturia ce ta jagoranci wankin taragun. Ta durƙusa a kan gwiwoyinta ta goge ƙasa, ta rataya tawul ɗin aurenta masu ado a tagogi. Matsala ɗaya: ranar ta faɗo kan ranar asibiti. Ta shirya da wani maƙwabci ya kai su a motarsa, da gari ya waye motar ta ƙi tashi.

Ni ina bayan motar katako lokacin, sanyi na yanka mini kunne. Abin da ya faru a cikin jirgin daga bakinta na ji shi, kuma na ji shi sau da yawa.

Ta ce an tarbi baƙi da burodi da gishiri, limamin coci ya yi addu'a, yara suka yi waƙa. Yayin da idon kowa ke gaba, ta ja mijinta ta ƙofar baya, suka zauna a kujerar ƙarshe ta tarago na biyu, kusa da banɗaki, kamar waɗanda suka yi sata.

Jirgi ya tashi. A gaba tana jiyo muryar wani jami'in hukumar jirgin ƙasa da ya rako su, yana cewa cikin ladabi, "To, kun gani da idonku. Wannan shi ne jirgin da ya fi cika a layin."

Can sai ga wata mata ta leƙo taragon baya, doguwa, da jakar takardu a hammata. Daga baya muka san sunanta Doamna Catinean, 'yar majalisa ce daga wani yanki mai nisa. Tanti Veturia ta miƙe tsaye.

"Ki yi mana haƙuri, ranki ya daɗe. Da ba dole ba, da ba mu shigo ba. Asibiti ne."

"Haƙurin me, tanti? Ba ku da tikiti ne?"

"Tikiti muna da shi. Ai yau jirgin naku ne."

Matar ta zauna a kujerar da ke kallonsu. "Namu kamar yaya?"

Tanti Veturia ta ce ta yi mata bayani har da ɗan alfahari. Ta ba ta labarin taron, da motar katako, da wankin ƙasa, ta nuna mata tawul ɗin da ke taga. "Sauran ranaku a nan ko wurin ajiye ƙafa ba za ki samu ba. Wannan kujerar ta Saveta ce, waccan ta malamin makaranta. Ina za mu bari ku tsaya a tsaye a kan cukunmu?"

Matar ta cire tabarau ta murza idonta.

"Tanti, kin san abin da aka turo mu mu gani?"

"Jirgi mana."

"Mutanen da ke hawansa. Idan babu su, rufewa za a yi."

Nea Pamfil ya juya ya dubi matarsa. "To, Veturia," ya ce, "kin wanke shi tas. Sai a miƙa musu shi da tsabtarsa."

Daidai nan jirgi ya fara rage gudu a tasha ta gaba, ga jama'ar ƙauyen jere a kan dandamali cikin kayan biki, da furanni, suna ɗaga hannu. Tanti Veturia ta danna taga ƙasa ta leƙa har kafaɗa.

"Ku shigo, jama'a, ku shigo. Kai Vasile, jefar da furen nan ka hau. Ke kuma da kullum kike taka mini ƙafa, yau ne kika san kunya?"

Suka dubi juna, suka dubi magajin garinsu. Wasu suka hau saboda sun san bakinta. Kafin a kai gari taragun sun cika da mutane cikin fararen riguna, ba mai kaya ko ɗaya, wani ma riƙe da faifan burodi bai san inda zai ajiye ba. Jami'in hukumar ya ce, kuma da gaskiyarsa, wannan cikar ma ba hujja ba ce. Doamna Catinean ta gyaɗa kai. Ta taimaka aka sauko da Nea Pamfil, ta yi musu sallama, ba ta yi alkawarin komai ba.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mana nauyi. Domnu Sofron ya daina zuwa shagon ƙauye inda muke taruwa. Tanti Veturia ta rage magana a jirgi, abin da ban taɓa gani ba. Wani dillali ya fara zagayen gidansu yana duba haƙoran shanu, ba ta kore shi ba.

Ranar da kwamitin ya zauna, muka taru a shago, har da Domnu Sofron, muna kallo a talabijin. An daɗe ana maganar gadoji da manyan hanyoyi. Da aka zo kan ƙananan layuka, Doamna Catinean ta nemi magana, ta ba da labarinmu tun daga burodi da gishiri har zuwa taga. Ba ta ɓoye sunan ƙauyen ba. 'Yan majalisa suka yi ta dariya, har shugaban kwamitin ya rufe baki da takarda. Domnu Sofron ya sunkuyar da kai. Sannan ta ce ita ba za ta jefa ƙuri'a a kan abin da suka gani ran nan ba, domin ba su ga komai ba sai karamci. Ta nemi a dakatar da layinmu daga tsarin, a tura masu ƙirga fasinja tsawon hunturu, ba tare da an sanar da kowa ba. Suka yi gardama, daga ƙarshe suka amince.

"Duk ƙasa ta yi mana dariya," in ji Domnu Sofron.

"Ta yi ta yi," in ji Tanti Saveta. "Gobe ka zo da takalmanka ka hau jirgi, ka ƙara mana yawa."

Hunturun nan duk baƙuwar fuskar da ta shiga jirgi ta sha kallo. Wani mutum mai jar hula ya yi ta hawa, Tanti Veturia ta yi ta yanka masa cuku tana ba shi tarihin kowane fasinja, sai daga baya ya ce kwanon rufi yake tallatawa. Su masu ƙirgar har yau ba mu san ko su waye ba. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar dutse kamar kullum, jirgi ya ci gaba da sauka cike, Nea Pamfil bai rasa wanki ko sau ɗaya ba.

Da bazara, wata safiya, kwandasta ya shigo taragonmu bai fara da tikiti ba. Ya ce an cire layinmu daga jerin waɗanda za a rufe, har ma za a gyara gadar ƙasa kafin sanyi mai zuwa. Ba a yi shewa ba. Wani ya yi alamar gicciye, wani ya sauke numfashi mai ƙarfi har aka juya aka dube shi. Tanti Veturia ta daɗe tana kallon taga.

"Horia," ta ce mini, "idan ka ga dillalin nan a gari, ka ce masa ya huta da hawan tudu."

"Zan gaya masa, Tanti."

Nea Pamfil ya gyara zama ya lumshe ido. "Ku tashe ni in mun iso," ya ce. Ita kuwa ta jawo bokitinta kusa, ta fara ba ni labarin wata mai sayar da ƙwai da ta ƙwace mata wuri a kasuwa, tun daga farko.