Mama Nyanjige Mai Hango Hadari

"Wane ne ya shanya mini kifi a kan eriya?"

Mama Nyanjige ke nan take ihu a gidanta na bakin tafki, mu duka muna kallo. Tauraron ɗan'adam mai ɗaukar hoton gajimare yana gab da ratsa saman tsibirinmu na Ukerewe, in ya wuce sai haƙuri, ga masunta sun fara tura kwale-kwale.

Maƙwabcinta, dattijo Mzee Bituro, ya leƙo yana sosa ƙeya. "Mama, ni fa na ga rana na dukan wurin da kyau..."

"To kifin naka ne zai gaya mana ko iska za ta taso? Kwashe su kafin in haɗa ku in soya!"

Bai gama kwashewa ba ta ruga teburinta. Kayan aikin duka-duka tsohuwar kwamfuta ce, da wata 'yar na'ura kamar babban yatsa wadda aka ƙera don kallon talabijin, sai eriyar da ta haɗa da bututun ruwa da wayar tagulla. Manhajar da ke fito da hoton kyauta ce, mutanen duniya suka rubuta suka bar ta a buɗe, kowa ya gyara. Ita ta mayar da umarninta Swahili.

Hoto ya fara sauka layi-layi. Ga hadari nan dunƙule, ya taso daga gabas! Ta fizgi waya ta kira gidan rediyon gari: "Ku ce kowa ya juyo, yanzu!"

Suka juyo, har da surukin Bituro da ya yi nisa. Da la'asar iska ta yaye rufin kasuwar kifi, amma ba namu ko ɗaya a kan ruwa.

Mama, ke ce mai gyaran waya a kasuwar Nansio da muka yi wa dariya ranar da kika kafa bututun nan. Ke ce kika zaunar da matan masunta kika koya musu karanta gajimare. Yau mazajensu suna cin tuwon ugali a gida. Mun gode. Duk mai tsohuwar kwamfuta ya zo ya koya, ba ta korar kowa.

Ina nan ina yi mata wannan godiya wani mutum ya faɗo tsakar gidanta, jiƙe sharkaf, ba wanda ya san shi.

"Ke ce mai ganin hadari? Daga Ukara nake. Sanarwarku ba ta kai tsibirinmu ba, kuma mutanenmu ba su dawo ba."

Mama ta fara kwance eriya don tafiya da ita Ukara.