Kafin a Binne Takardun Sharifuddeen

Zuwa ga babban yayanmu, jigon gidan ilimi na Ƙofar Dundaye, Malam Abdulrasheed Sa'ad. Gaisuwa mai yawa, da ban girma irin na ƙane ga wansa, da tambayar haƙurin rashi. Allah ya gafarta Malam, ina neman afuwa da na kutsa kai cikin zaman makokinku da takarda, a lokacin da ya kamata baki ya yi shiru, hannu ya riƙe carbi. Sau biyu ina zuwa zaurenka da maganar nan, sau biyu kwarjininka da yawan jama'a suna mayar da ita cikina. Abin da harshe ya kasa shi na ɗora wa alƙalami.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, sha biyar ga watan Yuli na 2025, cikin watan Muharram, bayan sallar Azahar, Allah ya karɓi ran ƙanenka, abokina na shekara ashirin da biyu, Dakta Sharifuddeen Sa'ad, malamin jami'a mai bincike kan inshorar lafiya. Ya rasu yana da shekara arba'in da tara, bayan jinyar ƙoda. Ana yayyafi muka kai shi, ƙasar kabarin tana manne wa hannuwanmu kamar ba ta son mu tafi.

Sharifu, bari in juyo gare ka, ko da yake kunnenka ya yi nisa.

Ya mai ratsa ƙauyuka da tambaya,
Yau ga ka kwance, ƙasa ta tare hanya.
Wa zai durƙusa gaban marar lafiya,
Ya ji kukansa, ya rubuta shi da gaskiya?

Na tuna ranar da ka fara yi mini bayanin aikinka, muna zaune a rumfar mai shayi a Kwalkwalawa. Ka ce hukumomi suna ƙidaya mutanen da aka ba katin inshora, su kira shi nasara, amma babu mai ƙidaya waɗanda suka je asibiti da katin suka dawo gida yadda suka tafi. Ka ce su za ka ƙidaya, gida gida. Tambayoyinka huɗu ne kacal: ka je asibiti, an duba ka, ka sami magani, in ba ka je ba me ya hana ka. Na yi maka dariya, na ce wannan ai aikin ɗan sakandare ne. Ka ce, "Abdullahi, kai ka saba da baiti mai ado. Ciwo ba shi da ado."

Shekara huɗu ka yi kana wannan yawo. Da farko da takardun boko ka shiga, mutane suka rufe maka baki. Wani dattijo ya ce maka ba zai sa hannu a kan abin da idonsa bai iya bi ba, don bai san me za a ce ya ce ba. Wani malamin da ya gaji da sai ya rubuta cewa jama'a ba su ba da haɗin kai ba. Kai kuwa ka koma gida ka ɗauko abin da mahaifinku ya koya muku a zaure. Ka mayar da tambayoyin cikin ajami, kana rubuta amsar mutum a gabansa, ka miƙa masa ya karanta da kansa, ya gyara inda ka kuskure. Kuma kowace takarda da Bisimilla kake buɗe ta, domin hannun ɗan gidanku bai san wata hanyar fara rubutu ba.

Inda namiji ba ya shiga, Sista Dorcas ce ke shiga maka, ma'aikaciyar jinyar nan da ta ba ka ranakun hutunta kyauta. Ita ta ba ni labarin Zulaihatu, wata mai sayar da fura da ciwon suga ya kama. Ta fito ƙofar gida da katinta a naɗe cikin leda uku, sabo kamar ranar da aka ba ta. Ta ce maka, "Ga shi nan, Malam, ban ɓata shi ba. Sau ukku ina tahiya, sau ukku suna ce mani magani ya ƙare, in tai shago in saye. To mi katin ka yi mani?" Ka rubuta maganarta yadda ta faɗe ta, sannan ka ajiye alƙalami, ka sa ta a motarka, ka tsaya da ita a layin asibiti har aka duba ta. Da abokan aikinka suka ce mai bincike ba ya sa hannu cikin abin da yake bincike, sai ka ce to su rubuta cewa ka yi laifi, ka amsa.

Gida ɗari shida da goma sha biyu ka shiga. Takarda ɗari shida da goma sha biyu.

Sai ciwon ya zo maka, kai ma da katinka a aljihu. Abin da ka shekara huɗu kana ji daga bakin mutane ya same ka a jikinka, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai bitar karatu. Kwana tara kana jiran lambar izinin da za a tura ka babban asibiti, ƙafafunka suna kumbura. Da aka fara wankin ƙoda, ba a je ko'ina ba aka ce abin da katin ya ɗauke ya cika. Na zo duba ka ina tafasa, ina cewa a kira wane da wane, ai kai ba mutumin da za a bari a layi ba ne. Ka ce, "In na tsallake layi, da wane ido zan dubi Zulaihatu?" Ka sa iyalinka, Malama Dijatu, ta kawo maka takarda da alƙalami. Ka cika ta ɗari shida da goma sha uku da sunanka. Ka je asibiti? E. An duba ka? E. Ka sami magani? A nan ka rubuta kalma ɗaya: tukuna. Bayan kwana shida ka cika.

Yanzu zan faɗi laifina, a gabanka da gaban wanka. Ɗalibanka ba su iya karanta ajami ba, ni na iya, don da shi nake rubuta waƙoƙina. Ka roƙe ni in juya maka takardun zuwa boko a shigar da su na'ura. Na amsa da ƙarfi, na ɗauki arba'in, na ce wata biyu sun ishe ni. Wata takwas ke nan, sha ɗaya na gama. Ba ka taɓa yi mini gori ba. In mun haɗu sai ka yi murmushi ka ce, "Sarkin baiti, ina labarin mutanena?" In ce suna nan tafe. Ga inda suka iso.

Allah ya gafarta Malam, na dawo gare ka. Na san abin da ya faru ranar da aka kwaso kayansa daga ofis. An ɗora kwalaye biyar a keke napep cikin ruwan sama, ɗaya ya jiƙe ya fashe a unguwar Gidan Igwai, aka tsince abin da aka gani. Bayan kwana biyu aka sayo ƙosai aka kawo gidanka, ka buɗe ƙunshin, ka ga Bisimilla da hannun ƙanenka, mai ya jiƙa ta. Ina zauren lokacin da ka ce, "Sunan Allah na ga takardun ga, kuma babu mai tsaronsu. Ran Juma'a bayan La'asar a gina rami wuri mai tsarki a rufe su." Ban ga laifinka ba. Haka muka taras magabata suna yi da rubutun da aka ji tsoron a taka, kuma girmamawa ce ta sa ka.

Na kuma ji abin da ka ƙara, wanda ya fi yi mini ciwo saboda gaskiya ne. Ka ce rahotonsa na farko an kai shi taro, an tafa, an ci abinci, an watse, wa ya karanta? Ba zan yi maka alkawarin cewa wani mai tsara manufa zai buɗe waɗannan ba. Zuciyata ta fi karkata ga cewa ba za a buɗe ba, za a ci gaba da raba kati ana ɗaukar hoto, mutane suna komawa gida da shi cikin leda. Na kai shekarun da na daina sa rai da ofisoshi. Amma mutum ɗari shida da goma sha biyu sun karanta maganarsu da idonsu sun ce haka ne, sun ba shi amana ya kai ta gaba. Dorcas ta ce da yawansu sun riga shi tafiya, Zulaihatu ma tun bara. Abin da ya rage nasu a duniya na shaida yana cikin kwalayen nan da arba'in ɗin da ke hannuna, ba a kuma da wani kwafi sai na sha ɗayan da na juya.

Mun sa hannun da ya riƙe alƙalami a rami,
Kada mu bi shi da abin da ya tara na ilmi.

Ya Allah ka jiƙan Sharifuddeen, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka sanya kowane taku da ya yi zuwa ƙofar marar lafiya a ma'auninsa. Ina miƙa ta'aziyyata gare ka, da Malama Dijatu da ke cikin takaba, da 'ya'yansa, da dukkan zuriyar gidanku, da Sista Dorcas da ɗalibansa. Allah ya ba ku haƙuri, ya kyautata namu zuwan.

Roƙona shi ne a ba ni kwalayen. Zan sa su a akwatin ƙarfe, a saman kantar da nake ajiye Alƙur'anina, ba zan taɓa su ba sai da alwala. In na gama juya su, ni da kaina zan kawo maka su mu binne tare. Mutanen sashen marigayin a jami'a sun ce ba za su karɓi aikin ba sai da rubutaccen izinin magada, shi ya sa nake roƙon amsa a rubuce, kuma cikin gaggawa, domin yau Litinin. Na san wanda ya yi wata takwas a kan takarda sha ɗaya ba shi da bakin cewa a yarda da shi. In hannunka ya kasa rubuta cewa ka yarda, ka rubuto mini kalmar da ƙanenka ya rubuta a takardarsa ta ƙarshe, ka hana a taɓa ƙasa ranar Juma'a. Ko da ajami ne, zan karanta a ranar.

Ƙanenka mai jiran amsa,
Abdullahi Siddiƙu
Litinin, 28 ga Yuli, 2025