Hannuwa Huɗu a Kan Wayoyin Babur

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Yuli, ina tsaye bakin wani shago ina jiran kayan da zan kai, saƙo ya shigo cewa Yaya ya rasu da hantsi. Na Allah muke, ka riga mu komawa gare Shi. Aka sallace ka, aka binne ka, ni kuwa ina wata ƙasa da kwali ɗaure a bayan babur. Shekara tara ke nan rabona da gida, kuma ban tara abin da zan nuna ba.

Yaya, ba ka taɓa yin shago ba. A zauren gida kake gyaran wutar babur, da sukudireba biyu, da ƙyallen sanfefa, da ƙwan fitila da ka ɗaura wa wayoyi biyu kana gwaji da shi. Masu shaguna a bakin titi suna yi maka dariya, amma babur ɗin da ya gagare su, wurinka ake turo shi ta bayan layi. Ba ka yarda a canza abu sai ka goge kan batir, ka duba fis, ka bi waya ɗaya bayan ɗaya. Mutane da yawa sun zo da niyyar sayen sabon koyil, suka koma gida da nasu yana aiki. Bakinka dai babu daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Ni kaina ka sha kirana sakarai a gaban jama'a, kuma rabin lokutan kana da gaskiya.

Bara babur ɗina ya riƙa mutuwa duk bayan kwana uku. Sau biyu ina sayen sabon batir, ana shirin korata daga aiki, sannan na sauke girman kai na kira ka. Ka ce batir ajiya kawai ake ba shi, in ya wayi gari babu komai, a tambayi mai kawo masa. Sai na ji ka miƙa wa matarka wayar. Ita ta sa na tayar da injin, na kunna fitila, na ja wuta. Da na ce hasken bai ƙaru ba, ta ce in bi wayoyin da suka fito daga koyil har mahaɗarsu. Na same ta ta yi tsatsa, kore shar. Na kankare, caji ya dawo.

Ranar ka gaya mini cewa shekara biyu ke nan hannunka na rawa, ba ka iya riƙe wayar wuta. Kai ke zama a zaure kana faɗa da masu babura, ita ke yin gyaran a tsakar gida. Ka ce, “Shekara ashirin tana riƙe mini waya, yanzu ta fi ni. In na tafi za su ce a sayar da kayan. Ka faɗa musu.”

Yanzu na ji Kawu ya fara neman mai sayen akwatin kayan aikin Yaya, wai mace ba ta gyaran babur. Ban zarge ka ba, Kawu, ba ka sani ba ne. To ga shaidata a rubuce, tunda ba ni da halin zuwa in faɗa da baki. Duk wanda babur ɗinsa ya tashi a gidan nan cikin shekara ukun nan, hannun matar Yaya ne ya tashe shi. A bar mata akwatin, a bar mata zauren, ta ciyar da 'ya'yanta da abin da ta iya.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka kaifin harshe saboda gaskiyar hannunka, Ya haskaka kabarinka. Inna, Allah Ya ba ki haƙuri. Matar Yaya da yara, Allah Ya tsaya muku, Ya sa in kin fita takaba ki tarar da babura suna jiranki a ƙofa.