Likkafanin Gwaggo Hajara a Kan Bishiya

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Gwaggo Hajara abu a unguwar Sa'alaba ta Jidda ya san abin da ke biyo baya. Ba ta karɓa sai ta kai shi hanci. Dabino ne, atamfa ce, ko jaririn da aka kawo ta sa masa albarka, sai ta sunsuna, ta kalle ka ta wutsiyar ido, ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza." Ni 'yar ƙaninta ce, a ɗakinta na girma, amma har ta koma ga Allah ban taɓa kawo mata shayi ba ta tambaye ni me nake nema a wurinta ba.

Kun kuma san abin da take tsoro. Mutuwa ba ta dame ta ba, wurin mutuwar ne damuwarta. Tun tana yarinya iyayenta suka zo da ita daga Damagaram, kuma daga ranar ba ta sake fita daga Hijaz ba, don kada ajali ya riske ta a hanya. Burinta guda ne, a sallace ta a Harami, a binne ta a Makka. Ko biki ake yi a gida Nijar, sai dai ta aika turare.

To, sai tari ya matsa mata. Likita ya ce ta huta da ƙurar gari da sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta je inda iska take da tsabta. Ɗanta Usman, wanda kun san shi da son abin zamani, ya je ya nemo wani masauki a tsakiyar dajin Indonesiya, irin wanda Turawa ke zuwa su kwana cikin itatuwa. Ya zo da murnarsa ya nuna mata hotuna a waya.

"Ya ummi, 'yan kwanaki ne kawai. Daji, kogi, tsuntsaye. Za ki warke."

Gwaggo ta karɓi wayar ta sunsuna.

"Tikitin tafiya na gani. Ina na dawowa?"

"Ga shi nan a ƙasa."

"Wanda ya iya rubuta shi ai ya iya goge shi."

Da ƙyar ta yarda, bayan ta kira maƙwabciyarmu Hajiya Halima 'yar Cadi ta zama shaida. A gaban Usman ta ce mata, "Idan ban dawo ba, kada ki wahalar da kanki da bincike. Ga shi nan zaune." Ni aka ɗauka in riƙa kula da ita. Da na buɗe akwatinta, me zan gani? Buta, kwaɗo da makulli, garin yaji, da wani ƙulli a cikin leda. Likkafaninta ne, wanda ta wanke da zamzam da hannunta, ta cusa 'yan dabino a gefe don guzuri.

Jirgin sama, mota, sannan kwalekwale mai inji a cikin wani kogi mai launin shayi. Duk inda muka karya kwana Gwaggo sai ta juya ta kalli baya, wai tana haddace hanya. Da muka isa, sai ga ɗakunan katako a kan dogayen sanduna, rufin ciyawa, babu mukayyif, ƙofa babu wurin sa kwaɗo. Wuta daga rana ake samu. Aka kawo mana abinci a kan ganyen ayaba.

Gwaggo ta dubi ganyen, ta dubi Usman.

"Ina farantansu?"

"Ummi, da gangan ne. Don kada a ɓata daji."

"Sun sayar da su ke nan. Kai Usman, wannan zaman ne fa muka gudo muka bari a Damagaram. Yanzu ka kwaso ni ka dawo da ni cikinsa, har da jirgi?"

Wasu Turawa biyu suna can gefe suna ɗaukar hoton wani kwaɗo. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta raɗa mini cewa akwai abin da aka binne a wurin nan, don ba mai hankalin da zai taso daga ƙasarsu saboda kwaɗo. Kazar da aka dafa kuwa ba ta taɓa ta ba sai da aka kira mai girkin, wani bawan Allah Musulmi mai fara'a, ta sa shi ya karanta Fatiha. Ya karanta tsaf. Ta ce, "Ya iya da yawa. Koya masa aka yi."

Rigima ta gaske a kan alƙibla ta tashi. Lokacin la'asar na shimfiɗa mata darduma yadda kibiyar alƙibla da aka zana a ɗakin ta nuna, wajen faɗuwar rana. Gwaggo ta tsaya riƙe da buta.

"Ke Rabi, yamma za ki fuskantar da ni?"

"Gwaggo, nan haka alƙiblar take."

"A Damagaram gabas muke kallo. A Jidda gabas muke kallo. Yau da tsufana za a juya ni?"

Usman ya fito da waya ya nuna mata. Ta ce wayar ai tasa ce, abin da ya ce mata shi za ta faɗa. Ta juya dardumarta gabas ta yi sallarta. Da ta sallame ta miƙe, ta juya yamma ta sake wata. Ta ce, "Kowace ta dace, halas." Haka ta riƙa yi, har gwiwoyinta suka fara kuka.

Ranar Juma'a mai girkin ya kai mu ƙauyensu, ya haɗa mu da mahaifiyarsa, wata 'yar tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba. Gwaggo ta leƙa masallacin, ta ga sahu gaba ɗaya sun fuskanci faɗuwar rana. Waɗannan dai ba Usman ne ya haɗa baki da su ba. A kwalekwale muna dawowa sai ta riƙe hannuna.

"Ashe mun wuce Makka, Rabi. Mun bar ta a baya."

Wallahi ranar ban yi dariya ba.

Washegari da hantsi ta fito da ƙullin nan ta ajiye a baranda don ya sha iska. Kafin mu ankara wani biri ya diro, ya ji ƙamshin dabino, ya suri ledar ya haye. Ya cinye dabinon, ya yage ledar, ya bar farin yadin yana lilo a can ƙololuwar wata bishiya da sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshenta.

Gwaggo ba ta yi ihu ba. Ta sauko, ta zauna a gindin bishiyar, ta sa aka kira Usman.

"Wa ya nuna wa birin nan ledata?"

"Ummi, biri ne fa."

"Ga jakar Rabi a wurin, ga ta Turawa. Bai ga ko ɗaya ba sai tawa?" Sai ta dube shi. "Ka faɗa mini gaskiya. Na yi maka nauyi ne ka kawo ni bayan duniya ka ajiye? Ubanka yana Makka a kwance. Ni a nan za a rufe ni, cikin laka, ko zanen tafiyata babu?"

Usman, ƙato da gemunsa, ya durƙusa a cikin lakar yana hawaye. Ya ce ko a bayansa ne zai mai da ita. Ita kuwa ta ƙi cin abinci.

Labari ya kai ƙauye. Samari suka zo da igiya, ɗaya ya hau ya sauko da yadin. 'Yar tsohuwar nan ta biyo su. Da ɗanta ya gaya mata cewa da zamzam aka wanke shi, sai ta karɓa da hannu biyu, ta kifa fuskarta a ciki tana kuka. Ya ce mana shekara da shekaru sunanta yana layin hajji, har yau bai fito ba, ga shi ƙafafunta sun fara gazawa.

Gwaggo ta daɗe tana kallonta. Ta karɓi likkafanin, ta sunsuna, ta karkaɗe shi, ta ninke. Sannan ta mayar da shi hannun tsohuwar.

Na ce, "Gwaggo, naki ne fa."

"Ni zamzam a ƙofar gidana yake. Ai komawa zan yi." Ta juya wajen Usman. "Ko ba haka ba?"

"Haka ne, ummi."

"To yalla, a kawo ganyen nan in ci abinci." Sai ta jawo kunnena. "Ki gaya wa ɗanta ya sa ido, kada ta sayar."

Ta dawo lafiya, tarin ma ya yi sauƙi, amma ba ta taɓa yarda dajin ne ba. Ta ce garin yajinta ne. Ga Hajiya Halima nan zaune, ku tambaye ta, duk wanda ya zo sannu da zuwa sai da ya ji labarin birin da aka ɗauka haya.

Bara da ta cika, a ɗakinta na Sa'alaba, Usman ne ya je ya sayo sabon yadi, ya wanke shi da zamzam da hannunsa. Da ya miƙo mini, ban san lokacin da na kai shi hanci ba. Muka kalli juna, muka fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. An sallace ta a Harami, an rufe ta a Makka, a maƙabartar da mijinta yake.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hajara, ya haskaka kabarinta, ya sa ta ji ƙamshin Aljanna ta shiga ba tare da ta tambayi kowa komai ba. 'Yar tsohuwar can kuma, Allah ya kira ta ɗakinsa da ƙafafunta. Amin.