Takalmin Tsere a Ɗakin Kifi

Aikina a Jidda kula da ɗakin sanyi ne, kusa da tashar jiragen ruwa, inda ake ajiye kifi da kaji kafin 'yan kasuwa su kwasa. Ba a shiga sai da izinina, kuma ba a shiga babu rigar sanyi.

Ɗan ƙanwata a Waziriyya aka haife shi, unguwar da ruwan famfo ma da zafinsa yake zuwa. Karatu ya kai shi Turai, a can ya koyi tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara. Mutum ya ɗaura dogayen alluna a ƙafa, ya gangaro daga kan dutse yana kewaya sanduna ɗaya bayan ɗaya, wanda ya tsallake guda a fitar da shi. Da farko wasa ne, daga baya ya shiga ƙananan gasa, sannan manya. Ranar da ya fara gaya mana, uwarsa ta zaci aiki ya samu a kamfanin ƙanƙara, har ta yi murna ya gaji kawunsa.

Ana nan sai ya faɗi, jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke. Aka yi masa aiki, ya dawo gida jinya. Da ya fara takawa sai ya ce zai koma tseren. Mahaifinsa ya rasu, saboda haka maganar ta dawo kaina.

"Yaya, ka hana shi," in ji ƙanwata. "Kai kaɗai yake shakka. In ka ce a'a, halas, magana ta ƙare."

Na ce mata zan hana. Kafin in aika a kira shi, sai ga shi a wurin aikina da wata ƙatuwar jaka.

"Kawu, aron ɗakinka nake so."

"Kifi za ka saya?"

"La, ba kifi ba, takalmi zan gwada."

Ya yi mini bayani da Hausarsa mai gauraye da Larabci. Takalmin tseren na roba ne mai tauri. A zafin Jidda laushi yake yi, sai a cikin sanyi yake kama ƙafa yadda zai kama ta a kan dutse. Yana so ya ji abin da gwiwar za ta ce. Na nemi izinin mai wurin, aka ba ni, na miƙa masa rigar sanyi.

"Kawu, wannan sanyin ai a can ranar shanya ce."

"A can kake? Saka."

Ya saka. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Bai yi gaggawa ba. Ya ajiye takalman suka sha sanyi tukuna, ya ɗumama jikinsa, sannan ya zura ƙafa da ƙyar, ya ɗaure maɗauran daga ƙasa zuwa sama. Ya jera kwalayen kifi a tsakar ɗaki kamar sanduna. Ya durƙusa, ya riƙa tsalle gefe zuwa gefe a tsakaninsu, numfashinsa na fita kamar hayaƙi. In ya kuskure guda, sai ya koma farko. Ma'aikatana suka taru suna zuga shi da Larabci, "Yalla, yalla, ya kaftin!" Bai ko dube su ba.

Da ya gama ya mayar da kowane kwali inda ya ɗauko shi, ya zauna yana matsa gwiwar.

"To?" na ce.

"Ba ta kai ba. In na ɗora mata nauyi rawa take yi. Gasar farkon bana ta wuce ni." Ya fara kwance maɗauran takalmin. "Zan riƙa zuwa nan in ka yarda. Ranar da ta daina rawa zan tafi. In ba ta daina ba, na bari."

Ni da nake tsaye a gabansa ban ga rawar ba. Da ya ce mini ta warke, da ban gane ƙarya ce ba.

Da yamma na je Waziriyya. Ƙanwata ta tare ni tun daga matattakala.

"Ka hana shi?"

"Ban hana ba. Dokar da ya sa wa kansa ta fi tawa tsauri."

Ta yi kuka, ta ce na ci amanarta. Na zauna har ta yi shiru, sannan na ce ta nemo masa safa mai kauri, gobe bayan azahar zai dawo ɗakin kifi.