Ɗan Wasan da Ya Zauna Mini Makoki

Shekara biyu na yi ina haya a ɗakin da ke saman garejin wani dattijo Ba'amurke a McLeansville, lokacin ina karatun digiri na uku a fannin noma. Ɗan wasan kwaikwayo ne. Shekara arba'in ya kwashe a California yana bin layin neman aiki a finafinai da shirye-shiryen talabijin, da ƙarfi ya fara ƙarewa ya tattaro komatsansa ya dawo gidan da ya gada wurin uwarsa, a tsakiyar gonaki, inda ba wanda ya san da zamansa sai mai kawo wasiƙa.

Ran da na je ganin ɗakin, kafin ya nuna mini banɗaki sai da ya nuna mini bangon falonsa. Hotuna ne tun daga sama har ƙasa, kuma duk nasa. Ga shi a kayan ɗan sanda, ga shi mai gadin otal, ga shi direban tasi, ga shi kwance a titi an yaɓa masa jinin ƙarya a ƙirji. Wannan na kwancen shi ne abin alfaharinsa. Sana'arsa a fim ita ce mutuwa: a nuno shi minti biyu, a harbe shi, jarumin fim ya tsallake shi ya wuce. Yakan ɗora yatsa a kan hoton ya ce, "Ka san wanda ya harbe ni a nan?" Sai ya ambaci sunan wani babban tauraro yana ƙanƙance ido, ka ce sarauta aka naɗa shi. Mutum ya haura saba'in, yana rina gashi, yana shafe-shafe a fuska, yana zaune kusa da waya ko za a kira shi ya je ya sake mutuwa. Ni ɗan mai sayar da hatsi ne a kasuwar Gusau, na taso na ga ubana yana ɗaga buhu har bayansa ya ranƙwafa. Ban ɓoye wa kaina ba, na rena mutumin nan tun ranar farko.

Yana da wani ɗan littafi da ba ya rabuwa da aljihunsa. In muka je sayayya a manyan kantunan Wendover Avenue, sai ka ga ya tsaya ya ƙura wa wata tsohuwa ido, yadda take fitowa daga mota tana dafa gwiwa, ya zaro littafin ya rubuta. Ya rubuta yadda mai karɓar kuɗi take taɓe baki, ya rubuta tafiyar wani mai ɗingishi. Na tambaye shi amfanin haka, ya ce, "Ɗan wasa ɓarawo ne, sai dai ba a kama shi." Ya yi dariya, ni ma na yi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mutum ya gaya mini sana'arsa da bakinsa, na ɗauke ta raha.

Akwai abu ɗaya da na zo da shi ƙasar nan wanda ban taɓa nuna wa kowa ba. Ran da zan baro gida, a tashar mota, babana ya cire hular da ke kansa ya danƙa mini. Tsohuwar zanna ce, bakinta ya yi duhu saboda zufa. Bai ce komai ba sai "Allah ya tsare." Na sa ta a leda na ƙulle bakin, na tura ƙasan akwati. In kewa ta dame ni sai in kwance ledar kaɗan, in cusa hancina, in ji turarensa da zufarsa da ƙurar gero, in yi maza in ƙulle don kada ƙanshin ya gudu. Ina tattalinta kamar yadda mata ke tattalin daddawa a ƙasar da ba a samunta.

A shekarata ta biyu, wata safiyar Alhamis, na farka na tarar da kira ya fi a ƙirga a wayata. Na kira yayana. Ya ce, "Sai haƙuri. Baba lokaci ya yi. Yanzu muka dawo daga kai shi." Ina barci aka yi masa wanka, ina barci aka sallace shi, ina barci aka rufe shi. Ban ga fuskarsa ba, ban zuba ƙasa ba. Abin da ya rage mini na jikinsa a duniya shi ne abin da ke cikin ledar nan.

Alhaji, dattijon da ke riƙe da mu Hausawan garin, mai ɗan kanti a East Greensboro, shi ya ce a yi zaman makoki a wurina. Mai gidan ya fitar da motarsa daga gareji ba tare da an roƙe shi ba. Aka shimfiɗa tabarmi da dardumai. 'Yan uwa suka riƙa zuwa, wasu da rigar aikin sito a jikinsu, su yi sallama, su zauna, a ɗaga hannu a yi addu'a, su ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya." Mata suka aiko da abinci a kuloli. Ina zuba wa mutane shayi, ina tambayarsu iyali da aiki, kamar yadda na ga ana yi tun ina yaro.

Da hantsi sai ga mai gidan a bakin gareji. Ya tambaya ko zai iya shigowa. Ya cire takalmi, ya samu gefe ya naɗe ƙafafunsa da ƙyar, ya zauna. Kwana uku yana zuwa. Mutumin da ba ya iya minti biyar bai ambaci kansa ba, ya yi shiru kamar ruwa ya cinye shi. Sau ɗaya ya matso ya yi mini raɗa: me ya sa ba wanda ke kuka, kuma me ya sa ni da aka yi wa mutuwa nake hidima da baƙi? Na ce masa haka muke, mamaci addu'a yake buƙata, kuma wanda ya tako ya zo maka baƙonka ne. Ya gyaɗa kai a hankali.

Alhaji ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wannan landlord naka ɗan halak ne. Wallahi wasu namu ma sun ce suna da shift a wurin aiki, ba su leƙo ba. Ka riƙe shi."

Ranar uku, bayan la'asar, kowa ya watse. Na hau sama, na jawo akwati, na kwance ledar, na cusa fuskata a ciki. A nan ne kukan da na riƙe kwana uku ya ƙwace mini. Ban rufe ƙofa ba. Da na ɗago, ga mai gidan tsaye da tabarmi a naɗe a hammata. Na ƙulle ledar da sauri, amma ban ɓoye ta ba. Ya dafa kafaɗata. Ni kuwa na buɗe baki na gaya masa komai, tashar mota, zufar, dalilin ƙullin. Bayan ya sauka na ji kunyar kaina ƙwarai, na ce ashe zaluntar bawan Allah nake yi a zuciyata. Har yayana na ba labarinsa a waya.

Bayan wata bakwai ko takwas wayar da mai gidan yake gadi ta yi ƙara. Ya tafi wata jiha ya yi mako guda, ya dawo yana tafiya ɗaiɗai. Da shirin ya fito ya gayyace ni da Alhaji wata ranar Lahadi da rana. Ba damar mu ƙi mutumin da ya zauna mana makoki.

Shirin 'yan sanda ne. Wannan karon ba shi aka kashe ba, ɗansa aka kashe. 'Yan sanda biyu suka zo gaya masa. Bai yi ihu ba. Ya ce su zauna, ya zuba musu kofi, ya tambaye su ko sun sha hanya. Suka ce suna taya shi baƙin ciki, ya sunkuyar da kai ya ce ya gode. Yana zaune yana murza gwiwarsa da babban yatsa, abin da ban san ina yi ba sai da na gani a jikin wani. 'Yan sandan suka fita. Ya shiga ɗaki, ya jawo akwati, ya fito da leda. Hular wasan ƙwallo ce a ciki. Ya kwance bakin kaɗan, ya cusa fuskarsa, kafaɗunsa suka girgiza. Sai ya ɗago ya yi maza ya ƙulle ledar.

Ya tsayar da hoton daidai nan, ya juyo yana kallona da idanu jiƙe, yana jiran tukwici.

Alhaji, da bai san zancen hula ba, ya ce, "Kai, ma sha Allah! This man ya iya acting. Har ya sa ni tausayi."

Mai gidan ya ce da ni, "Mai ba da umarni ya ce bai taɓa ganin an yi baƙin ciki haka ba. Ƙullin ledar nan ne ya kashe su. Ba ya cikin rubutun, ni na kawo."

Na ce, "A littafinka ka rubuta?"

Ya ce, "A ranar. Ina sauka daga matakala, tun da zafinsa." Ya faɗa da fara'a, ko gezau. "Yanzu mutane da yawa za su ji abin da ka ji. Ai mahaifinka na karrama."

Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Kwana ukun nan da muke ta sa masa albarka, ashe bakin aiki ya zo. Shekara arba'in yana mutuwar ƙarya ba ta kai shi ko'ina ba, sai da ya samu ta gaske a garejinsa, kyauta, har da shayi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai san ya yi laifi ba. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Wannan fanko ne kawai, duk abin da ya gani a jikin mutane sai ya zuba a cikinsa. Na ce wa Alhaji mu tafi, la'asar ta yi.

A ƙarshen watan na koma wani ɗaki a Wendover, inda ƙarar motoci ba ta ƙarewa. Na ji labarin kasuwar tsohon mai gidana ta buɗe, an yi ta kiransa ya fito a tsohon da aka yi wa rashi. Ban kalla ba, ban kuma so in san sau nawa ya ƙulle ledar nan ba.

Amma ya bi ni. Duk ran da kewa ta taso na miƙa hannu ga akwati, sai in ga hannunsa. In ji kamar akwai mai tsaye a bakin ƙofa, in fara lura da yadda na sunkuya, da yadda kafaɗata za ta girgiza. Abin da nake yi tsakanina da ubana ya koma wasan da na taɓa gani a talabijin. Sai in mayar da akwatin. Na fi shekara ban taɓa ledar ba, ina jiran ranar da fuskar mutumin nan za ta fita daga kaina.

Ranar ta zo, wata Juma'a bayan na dawo daga masallaci. Na kulle ƙofa, na sake dubawa na tabbatar ta kullu. Na kwance ƙullin, na cusa fuskata, na ja numfashi. Na sake ja. Na fito da hular gaba ɗaya, na juya cikinta waje, na bi bakin nan mai duhu da hancina har na zagayo. Babu abin da na ji sai warin leda.