Hujin Safar Chiharu

'Yata Chiharu tana tsaron wani shagon gwanjo a unguwar Koenji, kuma tun tana da shekara sha shida ba ta wasa da safa. Takan daɗe gaban madubi kafin ta zaɓi doguwa mai kaiwa cinya, ta shafa gam a fatarta don kada ta zame. Ni kuwa tun rasuwar babanta ban san komai ba sai addu'a da kunna turare gaban hotonsa.

Wata Asabar na je kwashe shanya, na tarar da baƙar safarta duk huji. Na ce a raina, maƙwabta sun gani ke nan. Na ɗauko allura na ɗinke su tsaf.

Da ta dawo ta ɗaga safar ta ce, "Mama, wa ya aike ki? Kwana uku na yi da reza ina huda su! Gobe mai hoto zai zo shago dominsu."

Na ce, "Ai na zaci lalacewa suka yi."

Ta ce, "Ɓera ne ya ci? Ɓeran da ya iya awo? Ba don ni kika yi ba, don kada maƙwabciyarmu matar Kuroda ta yi gulma ne."

Gaskiya ta faɗa, na kasa ɗaga kai. Muka zauna kwance ɗinkin tare. Muna warware zaren na lura kowane huji daidai yake da ɗan'uwansa a ɗaya ƙafar. Shekara goma tana wucewa ta gabana, ban taɓa duba ƙafarta da kyau ba.